Dery Kafinta da Kurɓin Farko

Barkono ne ya jefa ni cikin kwamin aladun Yuora, ba giya ba, duk da abin da mutanen Nandom suke faɗa har yau. Ranar kasuwa ce, na rufe rumfar facina da wuri, na sayi soyayyen naman alade a takarda, na shiga gidan da Yuora ke sayar da fito, giyar dawa, na zauna a bencin da na saba, na can ƙarshe kusa da katanga. Mai naman kuwa ta zuba yaji kamar tana da tsohuwar gaba da ubana. A loma ta uku harshena ya kama da wuta. Na waiga, sai ga kofin roba shuɗi a gindin murhu, wanda kowa ya san shi ne kofin ruwan uwar gida, cike da abu fari tas. Na ɗauka na kafa kai.

Abin da ya bi maƙogwarona ba ruwa ba ne. Apatashi ne, farar barasar nan da ake dafawa a kudu a kawo mana cikin jarka, wadda in ka zuba wa mataccen babur sai ya tashi. Numfashina ya ɗauke, na yi baya, bencin ya biyo ni, katangar kuwa gajeriya ce. Sai ga ni rigingine cikin dusar fito, wata uwar aladu tana shinshinar kunnena tana shawarar ta inda za ta fara.

Dery, mijin Yuora, shi ya miƙo hannu ya jawo ni.

"Tashi, ɓarawon kan kare," ya ce. "Aladunmu ma ba za ku bar musu abincinsu ba?"

"Dery, me ke cikin kofin matarka?"

"Maganin haƙori ne. Kurkure baki take yi da shi."

"Kofi guda cur? Haƙoran kada gare ta?"

Kowa ya yi dariya, har ita Yuora, tana riƙe da ludayi tana share hawaye da gefen zane. Shi kaɗai ne bai yi ba. Ya ɗauki kofin ya ɗauraye, ya cika shi da ruwan randa, ya mayar daidai inda yake, sannan ya durƙusa yana duba ƙafar bencin da na karya.

Ni Akolgo ne, Bafarafare, mai facin taya. Tsakaninmu da mutanen Dagara, ƙabilar su Dery, akwai wasa tun kaka da kakanni, wai mu muka sace musu kan kare. In zage su su zage ni, in shiga gidan makoki in ce mamacin lalaci ne ya sa ya ƙi tashi, ba mai ɗaga mini yatsa. In kuma rigima ta gagari kowa a gidansu, abokin wasa ake nema ya zo da toka a hannu ya watsa a gaban mai taurin kan, daga nan magana ta mutu. Rumfata tana jingine da ta Dery, katako ɗaya ya raba mu, saboda haka abin da zan faɗa a kansa rabi na gani, rabi na ji ta tsagar katakon nan.

Cletus Dery kafinta ne, dogo, siriri, marar yawan magana, kullum da guntun fensir a bayan kunne ko a coci. Rabin bencinan garin nan aikinsa ne, kuma ba ka taɓa zama a kan nasa ya yi maka kuka. Mutum ne da ya yarda cewa duk abin da ya karkace akwai inda za a sa masa ƙusa ya miƙe. Abin da ya fita da shi daban shi ne ba ya shan fito. Ba don addini ba. Cikinsa ne ya ƙi: kurɓi biyu sai kai ya sara, sai amai. A garin da ake yaye yaro da ruwan fito mai zaƙi, wannan abin tsokana ne, kuma na tsokane shi iya ƙarfina.

Sai Allah ya haɗa shi da wadda ta fi kowa iya dafa shi. Tana budurwa ya je gyaran benci a gidan fiton uwarta, ya yi ta komawa gyaran bencin nan har ƙusoshi suka fi katakon yawa, uwar ta ce ko dai ya kawo dangi a yi magana ko ya bar mata bencinta ya huta. Yuora a lokacin kamar an kunna fitila take. Ga murya, ita ke ja wa mata waƙa a coci. Ga hannu. In ta jiƙa dawa ta tsiro, ta markaɗa, ta kwana biyu a kan manyan tukwanen nan, ranar sayarwa tun daga bakin kasuwa ƙanshin ke kama ka da hanci ya kawo ka. Kuma ba ta bari baƙo ya fita da yunwa, ko gyaɗa ce sai ta zuba maka a tafin hannu.

A nan ba a miƙa wa mutum ƙwaryar fito haka kawai. Wadda ta dafa ita ke fara kai bakinta, ta kurɓa a gaban idonsa, sannan ta ba shi. A da saboda guba ne. Yanzu ba wanda ke tsoron guba da gaske, amma ka karɓi ƙwarya ba a kurɓa maka ba, sai ka ji kamar an ba ka hannu an kau da kai. Sauran mata jiƙa leɓe kawai suke yi. Ita Yuora ba ta san ha'inci ba, in ta kurɓa sai ka ga maƙogwaro ya motsa. Gidanta kuwa shi ya fi cika, daga hantsi har rana ta faɗi ƙwarya ba ta sauka. Ni ina da tawa gaisuwar ta kullum. In ta cika mini sai in tura mata in ce, "Matata, fara sha. In da mutuwa a ciki, ki riga ni." Ita kuma ta ce, "In na riga ka wa zai ba ka kyauta, matsiyaci?" A yi dariya, ta kurɓa, in karɓa.

In aka tsokani Dery cewa ya auri randa, amsarsa ɗaya ce, kuma da alfahari yake ba da ita.

"Matata ba ta sha. Ɗanɗanawa take yi. Aikinta ne, kamar yadda nake shaƙar garin katako."

Ya daɗe yana faɗar haka tana gaskiya. Ban san ranar da ta daina zama gaskiya ba, shi ma na tabbata bai sani ba, don maganar ba ta sake ko kalma ɗaya ba.

Hannu ne ya fara. Da safe in ta ɗauki ludayi sai ya riƙa kaɗawa, sai ta shiga ɗaki ta fito sannan ya tsaya. Dery ya ce sanyin safiya ne. Ta saki tulu a hanyar famfo, ya ce gammon ne ya tsufa, ya naɗa mata sabo. Ta yi barci a gindin murhu har tukunya guda ta ƙone ƙurmus, ya ce hayaƙi ne ke bugar da ita, ya hau ya buɗe wa rumfar taga. Ta tsaya a tsakiyar waƙa ranar Lahadi, baitin da ta koya wa rabin matan cocin ya ɓace mata, tana ta murmushi tana layi, ya ce hawan jini ne. Kowace faɗuwa yana da sunan da zai ba ta, kuma bai taɓa maimaita suna ɗaya ba.

Bayan wankana a kwamin aladu ya yi kwanaki ba ya amsa tsokana. Ina jin zartonsa yana tafiya yana tsayawa. Sai wata safiya ya hau keke ya nufi ƙauyukan bakin kogi, ya dawo da ɗan duma ƙanƙane, bai wuce ƙwan zabo ba. Ya raba shi biyu, ya kankare, ya goge har yana ƙyalli, ya huda ya sa zare, ya rataya wa Yuora a wuya. Daga yau, in ji shi, a nan za ta riƙa tsiyaya kurɓin farko. Al'ada ta cika, ciki ya huta.

Ya leƙo rumfata fuskarsa a sake. "Ka gani? Matsalar ma'auni ce. Ƙwarya ba ta da iyaka, wannan yana da ita."

"To kofin maganin haƙorin fa, shi ma za ka sassaƙa masa ƙane?"

"Haƙorin ya warke," ya ce, ya koma ciki.

Kofin dai ya bar gindin murhu, wannan gaskiya ne. Yuora ta riƙa amfani da ɗan ƙoƙon a gaban jama'a, har tana yi masa kirari tana kiransa autan Dery. Shiga ɗaki ce ta ƙaru.

'Yarsu ɗaya ce, Perpetua, muna kiranta Petu, tana aikin nas a birnin Wa. Ta zo hutun Kirsimeti, ta sauka daga mota, ta rungumi uwarta, sai ta ja baya. Ta kama fuskar da hannu biyu ta juya ta wajen haske, ta ja fatar ido ƙasa. Farin idon ya koma ruwan ɗorawa. Sai da masu sha suka watse ta sami uban a rumfarsa.

"Baba, hantarta ce."

"Shawara ce. Ana jiƙa mata saiwa."

"Baba, Mama tana shan apatashi tun kafin ta wanke fuska."

"Wa ya gaya miki?"

"Hancina."

"Hancinki ya saba da warin asibiti, komai ya ji sai ya ce ciwo ne. Uwarki ɗanɗanawa take yi, kuma na rage mata."

"To zo mu shiga ɗakinta. Tukunya ta uku daga sama. Ka ɗaga murfin, in ba ka ga komai ba zan durƙusa in roƙe ku gafara ku biyun."

Kowace matar aure a nan tana da jerin tukwanenta a ƙuryar ɗaki, ɗaya bisa ɗaya har kusan rufi. A ciki take ajiye abin da yake nata, daddawa, tsakiya, zanen da uwarta ta bar mata. Miji ba ya buɗewa, ɗa ba ya buɗewa. Sai ranar da ta mutu ake sauke su a fito da su fili kowa ya gani.

Dery ya bi ta har ƙofar ɗakin. Ya tsaya, kansa yana taɓa katakon da shi ya kafa da hannunsa. Yana ganin jerin. Murfin ta uku ya fi sauran santsi, gefensa ya yi baƙi da maiƙon hannu, kafinta kuwa ba ya buƙatar a gaya masa abin da ake yawan taɓawa. Ya dube shi, ya ɗauke ido ya mayar kan wata tsaga a bango.

"Ubana bai taɓa buɗe tukunyar uwata ba," ya ce.

"To ni in buɗe."

"Ki taɓa ta, kin yi wa uwarki fatan mutuwa da ranta."

Petu ta sauke hannu. Daga kan gado Yuora ta ce, murya a jaye, "Ku daina ja-in-ja a kaina kamar akuyar gado. Petu, ubanki ya ce shawara ce. Kin fi shi sanina ne?"

Yarinyar ta zauna a dokin ƙofa ta faɗi abin da ya kawo ta. A ba ta uwarta ta tafi da ita Wa. Tana da ɗaki, akwai likita, babu murhu, babu ƙwarya, babu mai turo mata ya ce fara sha. In an yi haka yanzu akwai sauran abin da za a ceto. In an jinkirta babu.

Dery ya ji ta sarai. Amma a kansa abin da yake gani shi ne ranar da motar za ta tashi, matan unguwa a bakin ƙofofinsu, kowa ya san dalili. In ya bari aka tafi da ita, ya faɗi kalmar mashayiya ke nan da bakinsa, kalmar da in ta fita ba ƙusar da za ta mayar da ita.

"Bari azumi ya zo," ya ce. "Za ta kashe wuta har Ista. In ba ta iya ba, ki zo ki ɗauke ta."

Azumi ya zo, Yuora ta kashe wuta kamar yadda aka yi alkawari. Aka kife manyan tukwane, aladu suka rame. Dery ya ƙera mata tebur mai rumfa ta fara suyar ƙosai a bakin hanya. Abin mamaki, ko gezau. Hannu bai kaɗa ba, ba zufa, ba faɗa. Tana juya ƙosai tana waƙa tana zagina in na ɗauki ɗaya ban tambaya ba. Shi kuwa kamar a ba shi ganga. Duk wanda ya zo karɓar kujera sai ya fito da shi bakin rumfa ya nuna masa.

"Dube ta. Mashayi yana iya haka? Ka taɓa ganin mashayin da ya bar sha rana ɗaya ya tashi yana waƙa?"

"Ban taɓa gani ba," in ji ni. "Shi ya sa nake mamaki."

Ya ɗauki wannan a matsayin yabo. Har waya ya buga wa Petu ya sa ta a kunnen uwar don ta ji muryar.

Amma rumfarsa tana manne da bayan ɗakin. Kowace safiya, bayan ta share tsakar gida, akwai ɗan shiru, sannan wata 'yar ƙara, ta murfin ƙasa in ya goga bakin tukunya. Ba ta da ƙarfi, ni ma sai da na saba na fara jin ta. Da shirun nan ya fara, Dery yake ɗaukar guduma ya hau bugun ƙusa, ƙusar da ta riga ta shige har kai, ya yi ta bugu har ya tabbata an mayar da murfin. Na ga tebur guda da ya lalata haka, fuskarsa duk tabon guduma. Ya ce katakon ne ɗanye.

Ba ta kai Ista ba. Ranar Juma'ar makoki tana tsaye a kan kasko ta dafa teburin nan, ta sunkuya, jini ya zubo daga bakinta kan tiren ƙosai. Muka ɗora ta a babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Dery yana riƙe da kanta a cinyarsa, yana ce wa duk wanda muka wuce, "Azumi ne, ba ta karya ba."

An riƙe ta a asibiti har aka fara ruwan shuka. Petu ta zo ta kwana da ita. Likita ya kira su biyun ya yi musu magana doguwa. Petu ta fito ido jawur. Dery ya fito ya same ni a gindin darbejiya.

"Me ya ce?"

"Ya ce ta rage gishiri."

Ya faɗi haka kuwa, na tambayi Petu. A ƙarshen maganar ya faɗa, bayan ya ce hantar ta ƙanƙance ta taurare, kuma kowane kurɓi daga yau yanka ne a sauran kwanakinta. Dery ya tsinci gishirin ya sa a aljihu ya bar sauran a kan teburin likita.

Petu ta tuna masa alkawari. Ya ce ai alkawarin in ba ta iya barin fito ba ne, ta kuwa bari, kowa shaida ne. Ciwo kuma na kowa ne. Yuora ita ma ta ce ba za ta je Wa ta zauna a ɗakin haya tana kallon bango ba, in ba ta ji zafin murhu ba haukacewa za ta yi. Yarinyar ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ɗauki jakarta.

Aka sake hura wuta. Sai Dery ya zo da dabararsa ta ƙarshe, wadda na san ya kwana yana auna ta ta kowane gefe. Tunda kurɓin farko ne ke cutar da ita, shi zai riƙa yi. Ranar sayarwa ya rufe rumfa, ya sa wankakkiyar taguwa, ya zauna a gefenta. Ta cika ƙwarya, ya karɓa, ya runtse ido ya kurɓa, ya miƙa wa mai ita.

An sha dariya ranar. Na ce a kira fada daga coci ya zo ya ga mu'ujiza. Kafin azahar ya zaga bayan katanga sau ba adadi, aladu suna ta murna da shi. Ya dawo fuska kamar toka, ya zauna, ya miƙa hannu a ba shi ta gaba. Tsofaffi kuwa ba su yarda ba. Wani ya riƙe ƙwaryarsa ya ce, "Wanda bai dafa ba me ya sani a ciki? Ko kai ma in ka ƙera gado maƙwabcinka ke fara kwanciya?" Ya tsallake Dery ya tura wa Yuora. Ta dubi mijinta, ya dubi ƙasa, ta kurɓa don kada a ce gidanta an raina baƙo. Daga nan aka raba, wasu shi, wasu ita. Tukunya ta uku kuma tana nan inda take.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba wannan ba ne. Kafin dawa ta fitar da kai, Dery ya daina zagawa bayan katanga. Cikin da ya ƙi tun yana saurayi ya karɓa. Har na ji shi wata rana yana ce wa wani na yau ya fi na jiya tsami kaɗan.

Da kaka Yuora ba ta iya ɗaga ludayi. Ƙafafu suka kumbura har fata tana sheƙi, ciki ya fito kamar mai juna biyu, sauran jiki ya zube. Murhu ya mutu da kansa ba tare da an yi alkawarin komai ba. Takan kwanta a tabarma a inuwar rumfar, ɗan ƙoƙon nan har yanzu a wuyanta. Wani lokaci ta gane ka ta zage ka, wani lokaci ta kira ka da sunan wanda ya daɗe a ƙasa. Da safe da rarrafe take shiga ɗaki, guduma kuma ta fara.

Dery ya ce iskar damina ce ta shige ta, in rani ya yi za ta sace. Ya sayi katako mai kyau ya fara ƙera mata kujera mai jingina da wurin ɗora hannu, doguwa daidai bakin tukunya, don in ta tashi ta riƙa juya fito a zaune.

Petu ta zo da motar haya ta tsayar a bakin kasuwa, ta shigo rumfata. Ta rame ita ma.

"Kawu Akolgo, ka san halin da ake ciki."

"Ni faci na sani, 'yata. In ta taya ce kawo."

"Ba na ce za ta warke ba. Amma a can za a zuƙe mata ruwan cikin nan ta yi numfashi, za a raba ta da kwalbar, ƙila ta ga wata shekara. Ni ba ya ji na. Fada ya yi magana, ƙannensa sun yi. Saura kai. Ka kai masa toka."

Na ce toka ta rigima ce, su kuwa ba wanda ke rigima a gidan, abin da ya lalata su ke nan. Ta ce ita dai ba ta da wata ƙofa. Na shiga gidan ta baya, na durƙusa a murhun Yuora na damƙi toka. Ta yi sanyi ƙalau, har ciyawa ta fara leƙowa tsakanin duwatsun. Yuora ta buɗe ido ta gan ni.

"Mijina na banza," ta ce. "Yau toka kake sata?"

"Ita ta rage, kin hana mu shan fito."

"Ka dawo jibi," ta ce, ta mayar da ido ta rufe.

Na same shi yana goge hannun kujerar da takardar yashi. Yana warin fito, da hantsi, ba kuwa a gidansa aka dafa ba.

"Kafinta, wannan gadon sarauta na wa?"

"Na mai shi. Taɓa nan ka ji, ko ƙaya ɗaya babu."

"Dery, mota tana bakin kasuwa."

"Na ji ƙararta."

Na buɗe hannu na watsa tokar a gabansa. Ta sauka kan ƙafafunsa da garin katako. Ya san abin da ake nufi, ubansa ma ya sauke kai a gaban toka. Hannunsa ya tsaya a kan kujerar.

Na ce, "Ba shawara ba ce, ba hayaƙi ba ne, ba iskar damina ba ce. Giya ce ke kashe matarka, kuma kana jin murfin nan kamar yadda nake ji. Ka ba yarinyar nan uwarta."

Tunda nake ban taɓa yin magana mai tsawon haka ba ban sa dariya a ciki ba. Ya dubi tokar. Na ga leɓensa yana motsi, na ce a raina yau kalmar za ta fito. Ta tsagar katako ana jin numfashin Yuora, yana ja yana tsayawa. Sai ya sa gefen ƙafa ya tattara tokar da garin katakon wuri ɗaya, a hankali, ya tura su ƙarƙashin tebur.

"Ba inda za ta. Rani ya kusa."

"Ba za ta ga rani ba, Dery."

Ya ɗago ya dube ni, idonsa a bushe, ya sake ɗaukar takardar yashin.

"Shekara da shekaru kana tura mata ƙwarya kana cewa in da mutuwa a ciki ta riga ka," ya ce. "To, ga ta nan tana ƙoƙari. Saurin me kake yi?"